A ba ɗalibanmu damar karanta fizik ta aikin injiniya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin iyaye da masu tsara karatun jami'a kan wani fanni da ba a cika jin sunansa a Damagaram ba, wato fizik ta aikin injiniya. Na daɗe ina koyar da fizik a lise, kuma duk yaron da ya samu bak ya ce ita zai karanta, tambayar mahaifinsa ɗaya ce: in ya gama, ban da riƙe alli, me zai yi?

Ɗalibin wannan fanni yakan sha lissafi da fizik mai zurfi, ya san halin zafi da haske da lantarki da maganaɗisu, sannan a koya masa awo da zane da kwamfuta, har ya ƙera na'ura da hannunsa.

Mu dubi allunan sola da suka cika rufin gidajenmu. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan allo an auna shi ne a zafin digiri 25, alhali allon silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru. A watan Afrilu, lokacin da jikin allo kan kai digiri 60, kusan kashi 14 ya riga ya tafi, tun kafin a zo kan ƙurar hunturu da ke tare haske, da baturin da zafi ke rage wa kwana. Mai haɗa waya ya iya aikinsa, ban raina shi ba, amma wanda zai lissafa wannan asara, ya san tazarar da za a bari tsakanin allo da kwano domin iska ta ratsa, shi ne wanda nake magana a kansa.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fizik ne, kuma ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa, inda aka ƙera tukunyar dumama ruwa da murhu masu aiki da rana. Yau kuma ga matatar man fetur ta SORAZ a kusa da mu tun 2011, wadda aka gina domin tace ganga 20,000 a rana, kuma na'urorin auna zafi da matsi ne ke riƙe da aikinta.

Saboda haka ina kira ga hukumomin ilimi mai zurfi da su duba yiwuwar tsara wannan karatu a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, daga lisans na shekara 3 zuwa masta, tare da ɗakin gwaji mai kayan awo na gaske, da yarjejeniyar da za ta ba ɗalibai damar koyon aiki a matatar da kamfanonin lantarki.

Naka,
Wani tsohon malamin lise,
Birni, Damagaram