Wa zai tambayi minista a madadinmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan kowa yana lafiya. Daga Maraɗi nake rubuto maka, a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. An rage mana kuɗin asibiti, an rage kuɗin siminti, an sha yi mana alkawarin gidaje, amma idan ka tsayar da mutum a bakin babbar kasuwa ka ce ya faɗa maka inda ake zaunar da minista a tambaye shi ina aka kwana, ya kuma amsa da lissafi jama'a na ji, ba zai iya nuna maka ba.

Zan fara da lafiya, don nan na fi sani. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta yanke shawarar rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocinta, aka fara aiki da shi ran 1 ga Satumba. Haihuwa ta zama kyauta. An soke jika 150 da mai ciwon ƙoda yake ajiyewa kafin a fara yi masa wankin jini. Wannan alheri ne, kuma duk wanda ya taɓa sayar da akuya don a karɓi matarsa a ɗakin haihuwa ya san girmansa. Na yi murna, har yau ina murna.

To amma ɗaya rabin fa, wa yake biya?

Na yi shekaru a kwamitin da ke kula da kuɗin asibitin unguwarmu, shi ya sa tambayar nan ba ta barina. Ƙaramin asibiti a ƙasar nan da kuɗin marasa lafiya yake numfashi. Abin da aka karɓa a taga, da shi ake sake sayo magani, da auduga, da safar hannu, da ruwan da ake ƙara wa yaro, da shi ake sallamar mai gadi da mai shara. In an ce a yafe wa mutum rabi, dole wani ya cike gurbin, kuma ya cike shi da wuri, kafin kwalayen magani su ƙare. Mun ga abin da ke faruwa in ba a cike ba. Zamanin Tandja Mamadou, tsakanin 2005 da 2006, aka mayar da fiɗar haihuwa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Tsarin kuwa shi ne asibiti ya yi aikin, ya cika takardu, ya aika sama, gwamnati ta biya daga baya. Takardun suna tafiya, kuɗin ba sa dawowa, ko su dawo guntu bayan an manta da su. Bashin ya taru har ya kai miliyoyi dubbai a faɗin ƙasa. Na sha zama ƙarshen wata da babban malamin asibitinmu muna buɗe littafi: shafin yaran da aka duba cike yake har gefe, shafin kuɗin da suka shigo kusan fari fat. Sai ya rufe littafin ya ce, "Alhaji, gobe sai dai in rubuta musu su je farmasi." Haka kuwa aka riƙa yi. Uwa ta zo da goyo jikinsa kamar wuta, a duba shi kyauta, a miƙa mata takardar magani ta jika uku ko huɗu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana juya takardar, ba ta iya karanta ta, amma ta san abin da take nufi. Wasu sun koma gida da ita a ƙulle a bakin zane.

Ba wanda ya fito ya soke wancan tsari. Rashin biya ne ya cinye shi a hankali, kuma rashin biyan ya daɗe ne saboda ba a matsa wa kowa ya zo ya yi bayani a kai a kai ba. Abin da nake tsoro ke nan ga rangwamen 2024. Ina so ya rayu. Hanyar rayuwarsa kuwa ita ce a sami wanda zai riƙa tambayar ministan lafiya da na kuɗi, duk bayan ƴan watanni: nawa asibitocin jihar Maraɗi suka yafe, nawa aka mayar musu, yaushe za a biya saura?

A da muna da majalisar dokoki mai kujeru 171, kuma kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta makamai: tambaya a rubuce, tambaya da baki, kiran minista ya zo ya kare kansa, kwamitin bincike, har da ƙuri'ar yanke ƙauna. Kada wani ya ce waɗannan ado ne kawai. Ran 31 ga Mayu 2007 ƴan majalisa 62 cikin 113 na lokacin suka kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadou a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimi. Manya a cikinmu sun tuna yadda aka kasa kunne ga rediyo ranar. Ko me mutum yake gani game da siyasar da ke bayan abin, ranar ta nuna cewa a Nijar ana iya tsayar da mai mulki a tambaye shi dukiyar jama'a. Sai dai ban ce majalisun baya sun sauke nauyin da ke kansu ba. Sau da yawa masu rinjaye kare gwamnati suka ɗauka aikinsu, kuma bashin maganin yara ya yi shekaru yana girma a gabansu. Jama'a ma sun mayar da depite, wato ɗan majalisa, wurin karɓar kuɗin suna da na takardar magani. In ya zo gari, layin da ke ƙofar gidansa na masu buƙata ne, da wuya ka ga wanda ya zo tambayarsa abin da ya faɗa a Yamai.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu wannan majalisa. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun gundumomi da na birane, aka naɗa kantomomi. A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, daga baya a cikin shekarar aka kafa majalisar shawara ta CCR. Ba da ƙuri'a aka zaɓi mambobinta ba, kuma shawara take bayarwa, ba ta da ikon kayar da gwamnati. Na san da haka. Duk da haka su ne zaune a inda wakilan jama'a suke zama, a cikinsu akwai ƴan jihar nan da suka san Dakoro da Mayahi da Gidan Rumji da Tasawa gida-gida. Mai ba da shawara yana da haƙƙin a nuna masa lissafi kafin ya buɗe baki, in ba haka ba a kan me zai ba da shawarar? Ina roƙonsu da girmamawa su riƙe wannan haƙƙi da ƙarfi. Duk ranar da minista ya zo gabansu, kada a tsaya ga jawabin da ya rubuto. A nemi alƙaluma jiha-jiha, a sa ranar da zai dawo da abin da bai kawo ba, a kuma watsa zaman a rediyo. Kundin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To a yi wannan zama da harshen da matar da ke juya takardar magani za ta ji, a fassara wa sauran ƴan uwa da nasu harsunan.

Maganar gidaje ta fi ciwo, don ita da ruwan sama take zuwa. Ran Juma'a 30 ga Agusta 2024 aka yi ruwan da ya kashe aƙalla mutum 15 a cikin garin nan. A damanar gaba ɗaya kusan mutum 400 suka rasu a ƙasar, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, kuma jihar Maraɗi kaɗai ta binne fiye da ɗari. Sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutane ne kwance a ciki da tabarminsu da tukwanensu. Wanda ya zaga tsofaffin unguwanni washegarin waccan Juma'a ya ga yadda ginin ƙasa yake mutuwa: ruwa ya kwanta a gindin katanga, ya jiƙa ta daga ƙasa, ta zauna a hankali, azara ta biyo ta. Da yawa cikin dare abin ya same su, suna barci. Maƙwabciyarmu, gwauruwa mai ƴaƴa, ɗakinta ɗaya ya rage, shi ma da tsaga daga sama har ƙasa. Ta samu buhun hatsi da bargo, ta gode. Da na tambaye ta gini, sai ta ce, "Baba, da me?" Da rani ta sake kwaɓa ƙasar da ta faɗi ta mayar da ita inda take.

Wannan gari ya san ruwa tun ba yau ba. A 1945 Gulbi ya cinye tsohuwar Maraɗi da ke cikin fadama, shi ya sa aka hau da garin kan tudu aka yanka masa tituna. Wato kakanninmu sun ga hukuma ta ɗauki mataki babba bayan ambaliya. Yau garin ya ninka ya sake ninkawa, an yanka filaye har inda kowane tsoho ya san hanyar ruwa ce, magudanai kaɗan ne, waɗanda ke akwai kuma yashi da leda sun toshe su. Wa ya sa hannu a takardun waɗannan filaye? Kuɗin da aka karɓa, nawa aka mayar wajen haƙa magudana? A da ko ba komai akwai kansila a unguwa da za ka tare a masallaci. Yanzu kantoma sama yake kai rahotonsa, don daga sama aka naɗo shi. Ban zargi kowa da cin komai ba. Cewa nake babu inda aka ajiye mana da za mu ji amsa.

Bayan ambaliyar, a watan Oktoba na 2024, gwamnati ta rage kuɗin siminti. Shi ma mataki ne mai kyau, magina da masu buga bulo sun ji daɗinsa. Sai dai mai iya sayen tan ɗin siminti ba shi ne katanga ta faɗa wa ba. Haka Bankin Gidaje da aka buɗe a 2018: bashin banki na mai albashi ne, Maraɗi kuwa garin ƴan kasuwa ne da manoma da ƴan kabu-kabu da mata masu ƙuli-ƙuli, waɗanda ba su da takardar albashin da za su nuna. An yi mana shirin ƙawata gari na Maraɗi Kwalliya a 2015, an shimfiɗa kwalta, an yi gine-gine, gari ya yi kyau ta wasu wurare. Gwamnatocin baya sun yi alkawarin dubban gidaje masu sauƙin kuɗi. Nawa aka gina a jihar nan, su wa ke ciki, nawa suka biya? Tambaya ce mai sauƙi, kuma amsarta tana cikin wani ofis a Yamai. Abin da ministan gidaje ya kamata ya zo ya faɗa shi ne tanadin da aka yi wa mai ginin ƙasa: ko a taimaka masa da ƴan buhunan da zai ɗaure gindin katanga, ko a ba shi fili a tudu in yana hanyar ruwa, ko a fara da magudanar unguwarsa. In babu kuɗin yin ko ɗaya bana, a faɗa mana haka, mu san matsayinmu.

Kuma gida da lafiya abu ɗaya ne a wurinmu. Ruwan da ya kayar da ɗaki shi ne yake kwanciya ya haifi sauro, shi ne yake cika masai ya gangara rijiya. Kwalarar 2018 daga yankin Madarunfa ta taso. Watannin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara su ne watannin da rumbu ya zama wayam. Nijar na cikin ƙasashen da suka yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma ba mu kai nan ba. Wanda zai ba da shawara a kan kasafi ya kamata ya san ko kusantar alkawarin muke yi ko nisa.

Na san abin da wasu za su ce: ƙasa na cikin yaƙi, an sha takunkumi, ba lokacin tambaya ba ne. Mu da muke kusa da iyaka ba sai an ba mu labarin rashin tsaro ba, ƴan uwanmu na kudancin jihar nan sun san satar shanu da satar mutane. Amma lokacin da kuɗi suka yi kaɗan shi ne lokacin da ya fi kamata a san inda kowace dala ta shiga. Jama'a suna zuba wa asusun ceton ƙasa tun 2023, ana cira a kuɗin waya da na mota, kuma masu riƙe da asusun sukan fito su faɗi abin da ya taru. An kafa hukumar COLDEFF don ta bi sawun dukiyar da aka ci. To in ana iya faɗar abin da ya shigo, ana iya faɗar abin da ya isa asibitin ƙauye. Bin sawun kuɗi bayan sun ɓace aiki ne mai kyau, tambaya tun suna hannu ta fi shi sauƙi da arha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ministan da ya yi aikinsa ba abin da zai rasa in ya zo ya nuna.

Kai ma, Malam Edita, ina da roƙo a wurinka. Ka sa wakilinku ya nemi mambobin CCR ƴan jihar Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su abin da suka gabatar a kan asibitoci da gidaje da amsar da aka ba su. Ya shiga ƙananan asibitoci uku ko huɗu, na gari da na ƙauye, ya tambaya ko ana mayar musu da kuɗin rangwame, ya duba kantar magani da idonsa. Ya je ma'aikatar magajin gari ya nemi jerin magudanan da za a yashe da ranar farawa. Ku buga abin da aka ce, ku buga sunan ofishin da ya ƙi magana, sannan ku koma bayan wata uku ku sake tambaya. Ina fatan a fara kafin ruwan farko ya sauka.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Naka,
Wani mai karatu, tsohon ɗan kwamitin asibitin unguwa,
Maraɗi