Babana, ka koma gudu ko da ana zuba ƙanƙara

Assalamu alaikum Babana,

Ya aiki, ya sanyin Edmonton can yammacin Kanada? Mu nan Ottawa lafiya lau alhamdulillahi. Ummanku ce ta tsegunta min wai tunda Nuwamba ta kama daga gida sai ofis, daga ofis sai gida, barci ba ya zuwa maka sai wajen ƙarfe biyun dare, kuma wandunanka sun fara matse ka. Ni baka faɗa min ba don kasan abin da zan ce. To zan faɗa ɗin, kuma a rubuce, don kar ka ce min "to Abba" a waya ka kashe zancen.

Ka koma gudu. Ba cewa nayi ka shiga gasa ba, ba kuma sai ka sayi agogon nan mai tsada da yake ƙirga bugun zuciya ba, takalmi kawai da niyya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi babban mutum yana buƙatar motsa jiki na minti 150 a sati in matsakaici ne, in kuma mai ƙarfi ne irin gudu minti 75 ya wadatar, kaga kenan minti 25 sau uku a sati, bai kai lokacin da kake ɓatawa a WhatsApp kafin ka tashi daga gado ba. Kuma kasan gidanmu, hawan jini da suga sun zagaye mu ta wajen uwa da ta wajen uba, baffanninka kowa da ledar magungunansa.

Amma ni ba tsoron ciwo ne yake fitar dani ba gaskiya, abin da nake samu a ranar ne. Ranar da na fita, da daddare ko kofin shayin ban gama ba barci ya kwashe ni. Abinci yana daɗi. Ka hau bene ba haki, kayi ruku'u gwiwa bata ƙara. Maganar da ta tsaya maka a rai, ta ofis ce ko ta ƴan uwa da ke gida suna kira kowa da buƙatarsa, kafin ka juyo zaka ji ta rage nauyi, wata ma ka samo bakin zarenta a hanya ba tare da ka zauna tunani ba. Sannan zaka san garin da kake ciki. Akwai wani dattijon Bature da muke haɗuwa a bakin ruwa shi da karensa, har yau bamu san sunan juna ba, amma in kwana biyu bai ganni ba sai ya tsaya ya tambaya ko lafiya. A ƙasar da maƙwabcinka zai iya shekara bai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, wannan ba ƙaramin abu bane.

Abin da yake bani mamaki wai kai ne yau kake gudun sanyi. Kai fa da in aka bada hutun Disamba tun kafin gari ya waye kana bakin taga kana duba ko an zuba da daddare. Ka tuna mutum-mutumin da kuka gina kai da ƙanwarka a gaban gida, kuka ɗauko hulata zanna bukar sabuwa fil wadda ban taɓa sawa ba kuka ɗora masa, na dawo daga masallaci na tarar da maƙwabta suna ɗaukarsa hoto? Faɗan da na shirya yi dariya ce ta cinye shi. Ko tudun nan da muke zuwa da faifan roba, ka zamo ka mirgina ka tashi majina ta daskare maka a leɓe kana ihun a sake, Ummanku tana tsaye daga ƙasa ta ɗaura zani a kan wandon sanyi, rungume da filas ɗin shayi mai citta da kanumfari, tana salati duk sanda kuka taho da gudu. Ita har yau cewa take ni na koya muku ganganci.

Da kuma Rideau Canal, mashigin ruwan nan na Ottawa, in ya daskare, kilomita 7.8 na ƙanƙara tun daga tsakiyar gari, ku kuna kan takalmin zamiya ni ina bin ku da ƙafa ta gefe don ni dai ban yarda da wannan takalmi ba. Kullum rigimar ɗaya ce, ba zamu koma mota ba sai an sai muku BeaverTails, soyayyar fulawar nan mai faɗi da sukari da kirfa, kuna ci tururi na tashi, sukarin duk ya manne a safar hannu. Shekarar da Hajiya ta zo mana kuwa, Allah ya jiƙanta, muka lallaɓa ta zuwa bikin hunturu na Winterlude a Fabrairu ta ga gumakan ƙanƙara, ta leƙo daga mota ta ce ita hunturun Katsina ma da kasko take kwana, a maida ta gida. Muka dawo ta dama muku kunun gyaɗa, kuka sha kuka bingire a falo da kayan jikinku.

To yanzu ga yadda zaka yi. A Disamba rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da wani abu a wajenku, don haka ko dai bayan Asuba, tunda alfijir ma a makare yake fitowa, ko lokacin hutun cin abincin rana, wanda ni nafi so maka saboda ka ɗan ga hasken rana. In da duhu ne ka sa riga mai ƙyalli masu mota su ganka. Kar ka sa auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta sanyaya ka, ka sa rigar wasanni mara nauyi, wata a kai, sannan mai tare iska. Hula, safar hannu, da abin rufe wuya da baki. Ka fita kana ɗan jin sanyi, minti goma jiki zai ɗau zafi. Ka fara da fuskantar iska, ka dawo tana bayanka, don kar ta buge ka bayan ka jiƙe. Taku gajere a inda yake da santsi, akwai ƴan ƙarafunan da ake maƙalawa a ƙasan takalmi, basu da tsada. Saurin kuma daidai yadda zaka iya magana, in haki ya hana ka magana ka koma tafiya, ba kunya a ciki. Kuna da hanyoyin nan na kwarin kogin North Saskatchewan, ka nemi waɗanda ake sharewa.

Amma ranar da suka ce sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili ko ya wuce, ka haƙura, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ranar ka tafi wurin motsa jiki na cikin gini, ba jarumta nake nema ba.

In Allah ya kaimu ƙarshen Mayu akwai gudun nan na Ottawa Race Weekend, ina so muyi na kilomita 10 tare, ƙanwarka ta ce ita zata riƙe mana ruwa tana mana dariya. Hutun Disamba kuma muna sa ran ganinka, ka taho da takalminka. Canal ɗin dai sai yadda Allah yayi, galibi sai Janairu yake buɗewa, kasan a 2023 ko kwana ɗaya ba a buɗe shi ba.

Ka kira Ummanku ranar Juma'a, kuma ka turo min lambar takalminka. Allah ya yi maka albarka.

Abbanku