Amarya ta durƙusa a Mabera

Sakkwato, daren Laraba

Assalamu alaikum Bagobiri,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya Maman yara, ya Legas da hayaniyarta? Ina fatan kana nan lafiya a hannun iyayen gidanka Yarbawa, suna cika ka da amala kana lashe yatsu kana cika bakin kai ne sarkinsu. Na san laifina, ba sai ka faɗa ba. Wata uku ke nan saƙonka na murya yana zaune cikin wayata, na saurare shi sau biyu, kullum in ce gobe. Batun filinka na Arkilla ka tambaya, yana raina, zan zo kansa. Amma bari in fara sauke abin da ya tokare mini ƙirji.

Amarya, motar nan tawa, ta durƙusa.

Na san ka fara dariya, Allah ya shirye ka. Ranar Juma'ar da ta wuce ne, wajen ɗaurin auren ɗan Baba Ƙarami a Mabera. Na sa an wanke ta tun da safe, na je na ajiye ta daidai ƙofar masallaci inda kowa zai gani, ban ɓoye maka ba. Aka shafa fatiha, muka fito ana rabon goro da dabino, sai na hango yara sun yi da'ira. Ina matsawa na tarar gabanta ya zube ƙasa, hancinta ya kusa taɓa turɓaya, bayanta a sama, sak raƙumin da ake sauke wa kaya a Kara. Na tayar da ita, ta tashi lafiya lau, amma ta ƙi miƙewa. Dogo ya zagaya ta sau ɗaya, hannu a baya, ya ce da ƙarfi yadda har liman sai da ya ji: "Alhaji, wagga mota ladabi gare ta, ta ga manya ta duƙa gaisuwa." A kan kabu-kabu na koma gida, na tattare babbar riga a cinya, hula a hannu don kar iska ta ɗauke.

Ga abin da ya faru, yanzu ai na zama rabin bakanike. Ita ba ta da sifirin ƙarfe irin na motocin mutane. A kan jakunkunan roba huɗu take zaune, kowace ƙafa ɗaya, makanikai suna ce musu balan-balan, akwai kuma ɗan injin da ke hura musu iska. Shi ne sirrin laushin nan da nake yi muku alfahari da shi. To roba da ranar Sakkwato ka san ba sa ga maciji. Watan jiya zafi ya haura 43 a ma'auni, ga ƙurar hunturu da ta riga ta shige kowane lungu tana goga, ga shekaru. Jakar gaba ta tsage kaɗan, iska na zurarewa, injin hurawar yana ta aiki ba hutu har ya ƙone. Kusan wata biyu ina jin wani gurnani da asuba idan na tayar da ita, na ɗauka muryar manyan motoci ce. Ashe kuka take yi.

Na kira bakanikena na tun zamanin Camry, mutumin da ke gane ciwon mota da kunne. Ya zo, ya leƙa, ya goge hannu da tsumma alhali bai taɓa komai ba, ya ce, "Alhaji, wagga ba tawa ta ba, a kira yaron kwamfuta." Yaron kwamfuta kuwa bai kai ɗana na biyu ba, ya zo da 'yar na'ura kamar waya, ya soka ta ƙarƙashin sitiyari, kuɗin sokawar kawai daban ne, ko ya gyara ko bai gyara ba. Ya karanto mini larura goma sha ɗaya. Goma sha ɗaya, Bagobiri! Ko Inna da ta haura tamanin ba ta da wannan lissafin a asibiti. Wasu ya ce sansa ce kawai ta sha ƙura, wasu ya ce a bar su sai sun yi magana da kansu.

Kayan kuma babu su a garin nan, mun zagaye masu sayar da kayan mota kaf. Aka buga waya Ƙofar Ruwa a Kano, suka ce akwai ɗan Chana, amma mai shagon da kansa ya ce ba zai rantse a kansa ba. Sabo dal sai an yi oda daga waje a jira sati uku. Saura na tokumbo, wanda aka ciro daga jikin wata motar, shi kuma sai Ladipo, kasuwar kayan mota da ke nan Legas. Ka fara gane dalilin wasiƙar nan ko? Yi haƙuri, zan zo nan ma.

Ka tuna ranar da na kira ka daga wajen dillalai a 2022? Na ce maka na samu 'yar Jamus ƙirar 2012, 'yar Kwatano, kujerun fata, rufi mai buɗewa, kuɗinta bai ma kai na Corolla sa'arta ba. Ka ce mini, "In ka ga ana sayar da doki kuɗin jaki, duba haƙoransa." Na ce hassada ce irin ta Gobirawa. To na duba haƙoran yanzu. Baturen da ya saye ta sabuwa ya more ta lokacin da kamfani ke ɗauke da nauyin gyara, da wa'adin ya ƙare ya ga abin da ke tafe sai ya sallame ta. Kuɗin sayenta ya faɗi, amma kuɗin kayanta yana nan inda yake tun tana sabuwa, ba ruwansa da cewa Alhajin Gawon Nama ne ya gaje ta. Ita Corolla da ta ƙi araha, ai don kowa ya san ko a Illela ta tsaya akwai mai gyara ta a gindin bishiya.

Kuma a lokacin litar mai ba ta kai naira 200 ba, dala a banki tana ɗari huɗu da wani abu. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, mai ya haura 500 cikin kwana biyu, kafin 2024 ta ƙare ya taɓa dubu. Dala kuwa a 2024 ɗin ta wuce 1,500. Duk abin da Amarya ke ci da dala ake auna shi, ni kuma da naira nake sayar da albasa.

Uwargida ta buɗe mata littafi, wallahi, irin na 'yan makaranta mai layi, ta rubuta "Kishiya" a bango. Jiya bayan isha'i ta kawo shi tare da tuwo ta ajiye ba ta ce uffan ba. Na buɗe. Juye: Camry lita huɗu take sha na kowane irin baƙin mai, wannan lita takwas, kuma sai mai tsadar nan na roba-roba. Batir: ashe biyu gare ta, babba da wani ƙarami a ɓoye, ban san da shi ba sai ranar da ya mutu. Makulli: Auta ya jefa ɗaya cikin randa, aka ce sabo sai an haɗa shi da ƙwaƙwalwar motar, ba a yanka shi a bakin kasuwa. Taya: faɗinta babu a wajen masu faci, ramin hanyar Gusau ya kumbura mini biyu a tafiya ɗaya. Man bumburutu kuwa sau ɗaya na kuskura na zuba mata lokacin layi, ta yi kwana uku tana tari. A ƙasan shafi Uwargida ta ja layi biyu ta rubuta jimla, kusa da ita ta rubuta kuɗin makarantar yara na shekara. Ban ci tuwon nan da daɗi ba.

Af, ban ba ka labarin indomi ba. Ba ta ci ba, wata aba ce cikin salansa mai kamar saƙar zuma, tana tace hayaƙi, makanikai suka sa mata wannan suna. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa ake farautarta. Bara na bar motar kwana biyu a wani gareji, ba na mutumina ba, ta dawo tana ƙara kamar jirgin Jidda tana shan mai kamar an huda tanki. Sai da yaron kwamfuta ya shiga ƙarƙashi ya nuna mini inda aka yanka aka sake yin walda. Na koma, mai garejin ya rantse har da hawaye. Na bar shi da Allah, me zan yi.

Kar ka ce ban yi mata adalci ba. Ranar da take da lafiya babu irinta. Da muka kai Inna Tambuwal gaisuwar rasuwa, tun daga Bodinga ta yi barci, muka isa na buɗe mata ƙofa ta ce, "Yo mun tashi?" Esinta kuwa, a tsakiyar bazara sai ka nemi mayafi. In ka rufe ƙofa duniya ta yi shiru. Wannan shirun ne ya cinye ni, ina jin.

Dogo da ke yi mini ba'a, shi ma nasa na nan tafe. Neman ta biyu yake yi a Runjin Sambo, ya rina gemu, ya sayi turare mai tsada, yana zuwa zance da mashin ɗin ƙanensa don nasa ba ya tashi sai an tura. Uwargidansa ta sani, ta yi kamar ba ta sani ba, ta dai ƙara wa miya barkono. Malam na majalisa ya dawo daga Umara da sabon carbi da tsohon bashi. Mangwaro ya shigo, wuta kuwa sai mu yini ba mu ga ƙyallinta ba, kowa ya koma sola, har Gwaggo ta sa faranti ɗaya a kan rufin ɗaki tana cajin waya naira hamsin-hamsin. Albasa ta yi kyau bana, sai dai kuɗin mota zuwa kudu yana cinye ribar.

To ga inda na tsaya. Dillali ya zo ya gan ta a durƙushe, ya taya abin da ban iya rubutawa. Ya ce ko an gyara, masu sayen irinta a garin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk sun san ciwonta. In na gyara, na san wata jakar na nan tana jiran layinta, sa'o'in juna ne su huɗun. In na sayar na koma ƙaramar mota, ka san majalisarmu, kafin la'asar an ce Alhaji ya karye, masu ba ni kaya bashi su fara duban agogo. Ga bikin Hajiya Ƙarama bayan Babbar Sallah, ta riga ta gaya wa ƙawayenta a motar Baba za a kai ta. Kwana uku ina juya wannan a kan katifa. Uwargida ta ce a gyara, a kai yarinya, washegari a sa wa motar takardar sayarwa a gilashi. Ina ganin nan za a ƙare, ko da yake ban amsa mata ba tukuna, kar ta ga ta yi nasara da wuri.

Don haka ranar Asabar ka daure ka shiga Ladipo. Zan turo maka hoton lambar da ke jikin jakar da ta injin hurawar ta WhatsApp, ka dubi lambar harafi-harafi, kar ka yarda da "iri ɗaya ne". Jaka biyu za ka saya, hagu da dama, yaron ya ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Ka sa a gwada injin da batir a gabanka ka ji yana hurawa. Kar ka sa shaddar nan taka mai ƙyalli, kuma ka tafi da ɗaya daga cikin iyayen gidanka ya yi maka ciniki da yarensu, in suka ga tsagen fuskarka kuɗin zai ninka. Ka ba direbobin da ke kawo mana kaya, sun san shagona. Kuɗin zan turo gobe in Allah ya kai mu, ban da na amalarka.

Ka gaida Maman yara da kyau, ka ce kilishinta na nan zuwa. Inna tana tambayar yaushe za ka zo ta gan ka. An kawo wuta yanzun nan, bari in tashi in kunna famfo kafin su ɗauke. Kamar akwai abin da ka tambaye ni a saƙon nan naka ko? Sake turo mini.

Naka har kullum,
Angon Amarya