Zuwa ga 'yata, kan kundin Malam

Uwata, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mu nan kowa lafiya, an fara yankan gero.

Dalilin takardar nan, wata magana ce ta iso ni a kasuwar Gumel. Wai kin yi wa malamanku alkawari za ki kai musu kundin Malam can Kano. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Kin dai san yadda aka kwashe kafin ki tafi. Baffanki cewa ya yi mene ne aikin laburare in ba jera littafi ba. Ni na tsaya miki. Da aka ce akwai masu haɗa hannu da jami'a su ɗauki nauyin 'ya'yan karkara, har da mata, na ga alheri ne. Tun 1968 ake koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma mutum nawa daga ƙasarmu ya shiga? Kuma na tabbata Ajamin da kika iya a gaban Malam yana cikin abin da ya sa aka zaɓe ki. Da yawa masu digiri in an miƙa musu shafi ɗaya sai su yi zuru.

To amma da izinin wa kika yi alkawarin? Kundin nan ba nawa ba ne, balle naki. Akwai haƙƙin goggonninki a ciki. Ni nake kwance gafakar duk bayan damina in shanya takardun a inuwa saboda gara, na san ganyen da tawadarsa ta ci har haske ke ratsawa. Na san Gidan Arewa a Kaduna suna adana irinsu da kyau, ban musa ba. Tsorona shi ne abin da ya fita daga gida da sunan aro, wuya ya dawo. In ya salwanta a hannunki, me zan ce wa dangi? Ke za a zaga har ƙarshen ranki, kuma a ce ni na jawo.

Ba hana ki nake ba, Uwata. In hoto suke so, ki zo da su hutun nan, a ɗauka a zaure a gaban Baffanki, shafi bayan shafi, a rubuta sunan Malam da garinmu. Zan lallashe shi kafin ku iso.

Innarki ta ba direba kuka da daddawa, ki je tasha ranar Asabar ki karɓa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.