Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai.

A babban taronmu na bara mun yarda bana za mu tsaya kan tsarin darasi, saboda yawancinmu muna rubuta shi kamar yaro ɗaya ne zaune a gabanmu.

A zangon farko mambobi sun gwada karatun yaran aji uku da huɗu, kowane yaro shi kaɗai, sannan aka raba su gida uku: masu koyon baƙaƙe, masu haɗa gaɓa, da masu karanta jimla. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi suna da wannan dabara, aro muka yi. Littattafan koyon karatu na shirin Mu Karanta da suka rage a wasu makarantu sun yi mana rana.

Abin da ya fi jan hankalin kwamiti ya fito ne daga wata malamar aji uku. Tana da yaro mai fara rubutu daga dama, har ta sa shi cikin daƙiƙai. Wata rana ta rubuta sunansa da ajami a allo, sai ga shi ya karanta nan take, yana murmushi. Ashe ya yi nisa a makarantar allo. Ta riƙa jera masa baƙin ajami kusa da na boko, ta nuna masa cewa a boko wasali kan layi yake zama, ba sama ko ƙasa ba kamar fataha da kisira. Kafin hutu ya koma rukunin masu haɗa gaɓa. Mu da ke Sakkwato, garin Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa don saƙo ya isa ga kowa, bai kamata mu jira shekaru kafin mu gane wannan ba. Mun buga misalan malamar, kowane mamba zai samu kwafi.

Mun ziyarci makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman a nan Sakkwato. Mun dawo da abubuwa masu sauƙi: a zaunar da mai raunin ji ko gani a gaba, kuma malami ya daina magana yana fuskantar allo.

Akwai inda muka gaza. Taron da muka shirya kan yaran da ke shigowa aji da Fulatanci ko Zabarmanci bai yiwu ba, asusu ya yi ƙasa. Zafin Afrilu ya cinye darussan bayan tara. Wasu masu duba makarantu kuma har yanzu tsarin darasi mai manufa ɗaya suke son gani, suna yi wa namu jan biro. Kwamiti zai zauna da su a zango mai zuwa. Jihar nan na da ƙananan hukumomi 23, amma aikinmu bai wuce birni da kewaye ba.

Wanda ake bin sa kuɗin wata-wata ya ga ma'aji kafin taro na gaba, ya kuma zo da tsarin darasi ɗaya da ya gwada a ajinsa.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya