Mai Sayen Tsohuwar Motar Ingila Ya Fara Neman Takardunta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata sha'awa da ta fara kama wasu masu hali a Katsina da Daura, wato neman tsofaffin ƙananan motocin gudu na Ingila masu kujera biyu, waɗanda ake naɗe rufinsu, irin su MGB da Triumph Spitfire da Austin-Healey, da kuma Jaguar E-Type ga wanda aljihunsa ya kai. Ba ni da ja da wannan sha'awa, domin kowa da abin da ransa yake so. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ƙulla cinikin, inda dillali zai turo hoton mota tana sheƙi ta waya, ya ce lafiyarta ƙalau, sai a tura kuɗi ba tare da an tambayi a hannun wa ta shafe shekaru hamsin ɗin da suka wuce ba.

Bai kamata a ce sai an koya wa Bakatsine wannan ba. A garin da wasan folo ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa, babu mai hankalin da zai sayi doki saboda kyan sirdi, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya tambayi bargar da ya taso da irin ciwon da ya taɓa yi. Mota ba ta da haƙorin da za a duba, kuma agogon da ke ƙirga tafiyarta ma ba abin dogaro ba ne, domin a motocin wancan zamani lambobi biyar kawai yake da su, da ya kai mil 99,999 sai ya koma sifili. Motar da agogonta ke nuna mil dubu arba'in tana iya kasancewa ta yi dubu ɗari da arba'in, kuma babu abin da zai raba gardama sai takarda.

Takarda ta farko ita ce shaidar asali. An ƙera MGB a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, fiye da rabin miliyan, kuma littattafan masana'antar suna nan a adane a gidan tarihin motoci da ke Gaydon. Wanda ya aika da lambar shasi ya biya kuɗi, za a ba shi takardar da ke nuna ranar da aka ƙera motar, da launin da ta fito da shi, da inda aka fara tura ta. Kamfanin Jaguar ma yana da tasa cibiyar tarihi mai ba da irin wannan shaida ga motoci kamar E-Type, wadda aka fara nuna wa duniya a Janeba a 1961. Sai dai a lura, wannan takarda tana tabbatar da cewa an taɓa ƙera mota mai wannan lamba ne kawai, ba ta tabbatar da cewa ita ce wadda ke gabanka ba. Ƙaramin farantin da ake buga lambar a kai, ƙusa biyu ko huɗu ne ke riƙe da shi, kuma mai son zuciya ba zai sha wahalar cire shi daga ruɓaɓɓiyar mota ya liƙa wa wata ba.

Saboda haka ne nake ganin takardun da suka fi daraja su ne waɗanda ido ke rainawa. Akwai takardar rajista da hukumar rajistar motoci ta Ingila, wato DVLA, ke bayarwa, wadda suke kira V5C, akwai tsohon littafin rajista na kwali da ake rubuta sunayen masu mota ɗaya bayan ɗaya, sannan akwai takardun gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, da aka fara a 1960, waɗanda ake rubuta adadin tafiyar motar a kansu. Idan aka jera su bi da bi aka ga lissafin yana hawa a hankali, to agogo bai yi ƙarya ba, idan kuwa aka ga ya yi tsalle baya, sai a nemi bayani. Tun 2018 an ɗauke wa yawancin motocin da suka haura shekara arba'in wajabcin wannan gwaji, don haka a shekarun baya-bayan nan rasit ɗin bakanike ne ya zama babban shaida. Na taɓa riƙe irin wannan fayil a hannuna a gidan wani dattijo da ya yi karatu a Ingila ya dawo da motarsa. Takardun sun yi ja saboda tsufa, wasu da zanen yatsa na baƙin mai, an rubuta da biro ranar da aka canja kuloci da ranar da aka wanke lagireto, har da rasit ɗin taya guda ɗaya. Wanda ya adana rasit ɗin taya shekara talatin, da wuya a ce ya bar inji babu mai.

Daɗewar mota a hannun mutum ɗaya tana da nata amfani, domin akwai wanda za a tambaya kai tsaye, kuma wanda ya yi niyyar zama da mota yakan yi gyara na gaskiya, saɓanin mai gyaran da zai rufe ido kafin a kai kasuwa. Amma daɗewa kaɗai ba ta isa ba. Motar da ta yi shekara ashirin a ajiye ba a tayar da ita ba, robobinta sun bushe, birkinta ya cije, tankin mai ya yi tsatsa daga ciki, wani lokaci ta fi wadda ake hawa kullum cin kuɗi.

Babban abokin gabar waɗannan motoci shi ne tsatsa, saboda gishirin da ake zubawa a titunan Ingila lokacin sanyi. Spitfire tana da shasi daban da jiki, amma MGB jikinta ne ƙashin bayanta, don haka idan ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa ya ruɓe, motar gaba ɗaya ta raunana ko da fentinta na ɗaukar ido. A sa wani amintacce ya bi gefen da ɗan maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa to kwaɓi aka cika wurin da shi aka shafe da fenti. Tun 1988 ake ƙera wa MGB sabon jiki da ainihin kayan aikin masana'antar, wanda ba laifi ba ne, amma ya kamata mai saye ya ga rasit ya san abin da yake biya.

Sai kuma abin da ya shafe mu nan gida, wanda dillalai ba sa son a taɓo. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, alhali duk wadda aka ƙera don kasuwar Ingila haka take. Sauƙin da ake da shi shi ne an tura kaso mai yawa na waɗannan motoci Amurka da sitiyari a hagu, kuma takardar asali za ta nuna ko haka motar ta fito ko daga baya aka juya ta. Bayan wannan akwai ƙa'idar kwastam kan shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, wadda motar 1970 ta wuce nesa ba kusa ba. Ko ta iso lafiya, sai an sami bakanike mai sifanun inci maimakon na milimita, wanda ya iya daidaita kafireto biyu, ya kuma san cewa MGB ta farko-farko batir biyu masu ƙarfin volt shida take amfani da su, kuma waya mai alamar tarawa ce ake haɗawa da jikin mota. Ƙurar hunturu da zafin bazara kuma ba za su raga wa lagireto ba.

Wannan ne ya sa nake ganin ya fi dacewa masu sha'awa su fara dubawa a cikin gida. A tsofaffin gidajen sarauta da na ma'aikatan da can akwai motocin Ingila da aka jingine a gareji, busasshiyar iskarmu ta kare ƙarfensu daga tsatsa, kuma tarihinsu sananne ne ga dattawan unguwa. Abin takaici, idan an zo rabon gado akan kira 'yan gwangwan su auna su a sikeli, takardun kuma a zubar da su tare da tsofaffin jaridu. Ina kira ga magada da su ajiye kowace takarda tare da motarta kafin a yi mata kuɗi.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ofishin kwastam da na hukumar kiyaye haɗurra a nan Katsina, ya samo mana bayani a rubuce kan matsayin motocin tarihi wajen shigowa da su da yi musu rajista, a buga shi a wannan shafi domin masu niyya su karanta kafin su tura kuɗinsu waje.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.