Wasiƙa zuwa ga aminina kan sabon kibod ɗinsa na dandamali

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan kiɗanka. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin kibod ɗin ya shigo hannu. Allah ya sanya alheri. Ka ce sautukan cikinsa sun yi maka yawa har ka rasa ta inda za ka fara, ga shi kuma ranar wasa ta matso. To, ka fara riƙe wannan: sautin da ya yi maka daɗi kai kaɗai a ɗaki da hedifon a kunne, sau da yawa shi ne zai nutse ko ya dagula kiɗa da zarar ganguna da bes da jita sun shigo. Don haka duk gwajin da za ka yi, ka yi shi ta sifika, da irin ƙarfin da za a yi wasa da shi, in da hali ma ka kunna rikodin na sauran makaɗan kana binsu.

Kafin ka shiga zaɓen sauti, daidaita hannunka da madannai. Kibod yana auna saurin da madanni ya sauka, ya mayar da shi lamba daga 1 zuwa 127, lambar ce ke yanke ƙarfin sauti da kaifinsa. Akwai saitin taɓi, galibi an rubuta masa Touch ko Velocity, mai matakai uku ko huɗu. In ka ji fiyano kullum yana tsawa ko da ba ka yi niyya ba, hannunka na kaiwa 127 da wuri ne, sai ka zaɓi mataki mai tauri. In kuwa sai ka yi dukan kawo wuƙa kafin ya buɗe murya, koma mai laushi, don kada yatsunka su gaji tun wasa bai yi nisa ba. Mai madannai 88 masu nauyin guduma ya fi dacewa da fiyano, sai dai nauyinsa yakan kai kilo 18 zuwa 22. Mai 61, da wasu masu 73, madannansu sun fi sauƙin dannawa, su ne na ogan da sinta, wato sautin da na'ura ke ƙirƙira da lantarki. Kowanne ka samu, akwai abin da zai ɗan ba ka wahala, ba lalacewa ba ce.

Sai fiyano. Wanda kamfani ya sa a lamba ta ɗaya yawanci babba ne mai kaurin ƙasa, an yi shi ne don ya burge mai gwadawa. Cikin ƙungiya wannan kaurin matsala ne. Madannin fiyano na can ƙasa yana kan 27.5 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), tsirkiyar bes mafi kauri kuma tana wajen 41 Hz, ka ga hannunka na hagu yana shiga gonar mai bes kai tsaye. Nemi fiyano mai haske, ka rage abin da ke ƙasa da 100 Hz, ka sauke tsakanin 250 da 400 Hz da kamar 2 ko 3 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), domin nan ne sauti ke yin dumu-dumu. In har yanzu ba a jin ka, ɗaga wajen 2,000 zuwa 4,000 Hz kaɗan. Wannan ya fi ƙara murya amfani, don ƙara murya ba ya haifar da komai sai kowa ya ƙara tasa. Amsa-kuwwa kuwa, wadda aka rubuta wa Reverb, ka rage ta zuwa rabin yadda ta zo ko ƙasa da haka. Zauren da za ku yi wasa yana da tasa, in ka ɗora wata a kai sai a ji ka kamar daga cikin rijiya.

Ga wani tarko da ke kama mutane da yawa. An naɗi sautin fiyano ne da makirfo biyu, hagu da dama. In mai miksa, wato mai kula da na'urar haɗa sautin dukkan makaɗa, ya ba ka layi ɗaya tak, aka haɗe biyun wuri guda, wasu sassan sautin sukan soke juna, fiyano ya koma siriri kamar ana buga shi cikin kwali. Gwada wannan tun a gida: sa waya ɗaya a ramin da aka rubuta L/MONO, ka saurari kowane fiyano. Wanda ya tsira da jikinsa, ajiye shi don irin wannan rana. Wasu na'urorin, kamar Nord Stage, suna da saitin mono na musamman, wasu kuma an zuba musu fiyanon da aka tanada don layi ɗaya.

Fiyanon lantarki bai da wannan rigimar sosai, shi ya sa yake zama daram cikin ƙungiya. Rhodes guduma ce ke dukan siririn sandan ƙarfe, sai ya ba da sauti mai kama da ƙararrawa, in an buga da ƙarfi ya yi gurnani. Wurlitzer kuwa ɗan faffaɗan harshen ƙarfe ake duka, muryarsa ta fi tsami, ta fi iya ratsa jita. Akwai kuma mai sheƙi irin na Yamaha DX7 da ya fito a 1983, ya dace da waƙa mai sanyi. Abin lura ɗaya: rawar sautin Rhodes da ke kai-komo tsakanin sifikar hagu da ta dama ba ta aiki a layi ɗaya. In an haɗe layukan sai ta kusa ɓacewa, in kuma gefe ɗaya aka ɗauka sai a ji muryarka tana zuwa tana ɗaukewa.

Ogan ne nake so ka ba lokaci, domin shi ba a zaɓensa kamar sauran, gina shi ake yi. Abin da ke cikin kibod ɗinka kwaikwayon Hammond B-3 ne, mai sandunan ja guda tara, kowanne daga 0 zuwa 8. An yi musu suna da tsawon bututun ogan, a ƙafa: 16, 5⅓, 8, 4, 2⅔, 2, 1⅗, 1⅓ da 1. Na 8 shi ne ainihin muryar madannin da ka danna. Na 16 yana ƙara irinta a oktef ɗaya ƙasa, wato madannai goma sha biyu in ka ƙirga farare da baƙaƙe, na 4 kuma oktef ɗaya sama. Na 5⅓ yana madannai bakwai sama da na 8, shi ke kawo kauri. Fara da jawo ukun farko gaba ɗaya, sauran a rufe, abin da ake rubutawa 888000000. Daga nan ka riƙa jawo na huɗu, sannan na ƙarshe, kana sauraron yadda haske ke shigowa. In mawaƙi na rera baiti, mayar da na sama ciki. In an zo amshi, fito da su. Hannun hagu na mai ogan a kan sandunan nan yake rabin lokaci.

Ogan ba ruwansa da ƙarfin duka. Ko ka lallaɓa ko ka narka, murya ɗaya ce, don haka dole ka sami fedar ƙara murya, wadda ake takawa gaba da baya, ka sa ta a ramin Expression ko Control. In babu ita ogan zai zauna wuri ɗaya kamar hon ɗin mota. Maɓallin Percussion yana ƙara ɗan ƙwas a farkon sauti, amma ba ya sake bugawa sai ka saki dukkan madannai. In kana jan yatsu ba tare da ɗagawa ba, na farko kaɗai zai samu. Mutane kan ɗauka na'ura ce ta lalace, alhali haka na asali yake. A na asalin ma, kunna shi yana kashe sandan ƙarshe, kuma na'urori da yawa sun kwaikwayi hakan.

Sai sifikar ogan mai juyawa, Leslie, wadda ke da ƙaho a sama da ganga a ƙasa, duka biyun suna juyawa. A hankali tana yin zagaye wajen 40 zuwa 50 a minti, da sauri kuma kusan 400. Daɗinta yana cikin sauyawar ne, lokacin da ƙahon sama ya riga gangar ƙasa ɗaukar gudu. In ka bar ta a guje tun daga farkon waƙa har ƙarshe, kunne zai gaji. Ɗora sauyin a kan feda, tunda ogan ba ya bukatar fedar riƙe sauti.

Sinta da goge, wato sautin kayan kiɗa masu tsirkiya irin na goge, ba sai na tsawaita ba. Abu uku za ka riƙa murɗawa: Cutoff, mai buɗe haske ko dushe shi, Attack, mai yanke saurin shigowar sauti, da Release, mai yanke tsawon jelarsa bayan ka ɗaga yatsa. Sautukan kamfani sukan zo da jela mai tsawo, wadda ke hawa kan abin da za ka danna na gaba. Gajarta ta.

Yanzu ɗora sauti kan sauti, wato Layer. Fiyano da goge mai laushi a bayansa shi ne wanda kowa ke so. Sa gogen ƙasa da fiyano sosai, har sai ka daina jin sa a fili amma ka ji rashinsa in an cire. Ka ɗora muryarsa a kan feda ko mamurɗi ɗaya don ka shigo da shi a amshi. Ka kuma sani cewa kibod na da iyakar muryoyin da zai fitar lokaci guda, 128 a na'urori da yawa. A wasunsu kowane sauti mai hagu da dama yana cin biyu, to in ka ɗora biyu, madanni ɗaya ya ci huɗu. Danna takwas ka ci 32. Taka fedar riƙe sauti ka yi haka sau huɗu, ka cinye duka, sai na'ura ta fara yanke tsofaffin muryoyi. In ka ji sauti na gutsurewa, nan za ka fara dubawa. Maganinsa ka hana gogen jin fedar riƙewa, ko ka riƙa ɗaga ƙafa a kowane sauyi.

Raba madannai gida biyu, wato Split, yana da nasa tarkon. Yamaha na kiran C ta tsakiya C3, Roland kuma C4, alhali madanni ɗaya ne, lamba 60 a tsarin MIDI, wanda na'urorin kiɗa ke amfani da shi wajen fahimtar juna. Kada ka dogara da sunan da ke kan allo, danna ka ji inda iyakar ta faɗa. In ka sa bes a hagu, cire masa fedar riƙewa. In fiyano ne ya koma dama, sauke shi oktef ɗaya don kada ka maƙale a sama.

Duk wannan aikin banza ne in muryoyin ba su yi daidai da juna ba. Zaɓi sautuka shida zuwa takwas, sun isa wasa guda. Ɗauki fiyano a matsayin ma'auni, ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya kana daidaita muryar kowanne a cikin saitinsa, ba da babban mamurɗi ba, sannan ka danna Store. In ba ka adana ba, da ka sauya lamba komai ya tafi. Jera su yadda waƙoƙin za su zo, a wurin da ake kira Live Set ko Song ko Scene, ya danganta da kamfani. Duba ko naka yana barin jelar sautin farko ta ƙare idan ka sauya. In yana yankewa, sauya a inda kake shiru. Bayan ka gama, kwafe komai a filashi, in kuma naka ba ya karɓar filashi, a kwamfuta. Ga lissafin maimaita sauti, wato Delay: raba 60,000 da saurin waƙa. Waƙa mai bugu 120 a minti tana son milisakan 500. In akwai maɓallin Tap, buga shi sau huɗu tare da mai ganga, ka huta da lissafi.

Transpose kuwa, mai matsar da sautin dukkan madannai sama ko ƙasa, ka yi hattara da shi. In ka matsar da murya don mawaƙi ɗaya ka manta, waƙa ta gaba za ta fara a karkace a gaban jama'a. Adana shi cikin saitin waƙar da ke bukatarsa kaɗai in na'urarka ta yarda. Ka kuma tabbata babban saitin daidaita sauti, wato Tune, yana kan 440 Hz, sai fa in dukkanku kun shirya wani abu daban.

Saura wayoyi. Wayar jak ta yau da kullum tana kwasar ƙara in ta wuce mita biyar ko shida. In miksa na nesa, shiga akwatin DI, ɗan akwatin da ke shirya sauti don doguwar waya, da gajeriyar waya, daga nan a ja wayar XLR, irin ta makirfo. Yamaha CP88 da Roland RD-2000 suna da ramin XLR a jikinsu. In ka ji gunji mara yankewa a sifika, na wutar lantarki ne, 50 ko 60 Hz, yana zuwa ne idan kibod da miksa suna shan wuta daga soket daban-daban. Danna Ground Lift a jikin DI. Kada ka kuskura ka cire ƙafar ƙasa ta fulogi, ita ce ke kare ka daga jan wuta. Wajen kunnawa, kibod farko, sifika ƙarshe. Wajen kashewa, sifika farko.

Fedar riƙe sauti takan yi aiki a juye, sauti ya riƙe in ka ɗaga ƙafa, ya yanke in ka taka. Fedoji iri biyu ne a wajen haɗin ciki. Duba ɗan makunnin da ke ƙarƙashinta ko saitin na'ura. Wasu kibod ɗin suna gane irin fedar ne lokacin kunnawa, don haka sa ta kafin ka kunna, kuma kada ƙafarka ta kasance a kai. In kuwa madannai sun yi shiru gaba ɗaya bayan ka haɗa da kwamfuta, duba Local Control, saitin da ke haɗa madannai da sautin cikin kibod, wataƙila an bar shi a kashe. Ka manne fedojin da tef a ƙasa, don suna gudu a daɓe mai santsi.

Lokacin gwajin sauti, sa babban mamurɗi a kashi uku cikin huɗu, ka buga wa mai miksa sautinka mafi ƙarfi, sannan mafi laushi, ka sa alama da tef a inda kuka tsaya. In ba ka jin kanka, ce a ƙara maka a sifikar gabanka, kada ka murɗa naka, domin duk abin da ka ƙara yana tafiya har wurin jama'a. Ka tafi da wayar jak biyu da feda ɗaya na ko-ta-kwana.

Rubuto min sunan samfurin da ka samu da jerin waƙoƙin, in aiko maka da saitin ogan na kowace. Ka gaishe min da mutanen gida da sauran 'yan ƙungiya.

Naka,
Amininka